Wa ya ba manhaja izinin taɓa saitinka? Laccar da aka yi wa ɗaliban kwamfuta a Sakkwato

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, a rage ƙarar fankar can kaɗan.

Abu uku zan faɗa kan insitola, wato wanga ɗan shirin da ke girka manhaja cikin kwamfuta, da ko yana da hurumin canza saitin da ya tarar. Matsayina tun yanzu ku sani, ba shi da shi sai ya tambaya. Ka kira mai gyaran famfo gidanka, ya gyara famfon, sannan ya shiga ɗaki ya juya maka gado ya canza kwaɗon ƙofa wai haka ya fi kyau, za ka sake kiran shi?

Na farko, masu yi da gangan don kuɗi. Waɗanda suka girka manhajar Java shekarun baya sun san Ask Toolbar, wani ɗan shiri da ke biyo ta ya maƙale cikin burauza, kana danna Next, Next, akwai ɗan akwati da an riga an yi maka alama ciki, kafin ka ankara injin bincikenka ya canza. A 2015 Oracle, kamfanin da ke da Java, suka sauya Ask da Yahoo, amma dabarar ba ta canza ba. A 2005 fayafayan waƙa na Sony BMG sun riƙa dasa ɓoyayyen shiri cikin Windows ba da sanin mai kwamfuta ba, har ta kai su kotu a Amurka. Wannan ba sai mun daɗe kanshi ba, cin amana ne kowa ya sani.

Na biyu, kuma nan nike so ku buɗe kunne, ku dibi yadda Debian ke yi, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Debian tun 1993 take, Ian Murdock ya faro ta, Ubuntu da wasunku ke amfani da ita daga jikinta ta fito. Mai girka manhajarsu, dpkg, idan ya aje fayil ɗin saiti yana riƙe wata lamba da ya lissafo daga abin da ke cikin fayil ɗin. Ranar da sabon zubi ya zo sai ya sake lissafi. In lambar ba ta canza ba, ya san ba ka taɓa fayil ɗin ba, sai ya sa sabo bai dame ka ba. In kai ka gyara amma su masu manhajar ba su canza komi ba, ya bar maka naka, nan ma shiru. Sai fa in kai ka gyara su ma sun gyara, to nan ne zai tsaya cak ya tambaye ka. Y a sa nasu, N a bar naka, D a nuna maka bambancin layi bayan layi. Kuma in ka danna Enter kawai ba ka zaɓi komi ba, mi zai faru? Malama ta gaba ta faɗa, naka za a bari. Naka! Ku sake ji, mutum bai ce komi ba, sai aka ɗauka bai yarda a taɓa ba. Su Ask kuwa shirunka shi ne amincewarka. Wallahi duk laccar ga in wannan kaɗai kuka tafi da shi ya ishe ni.

Kuma bai ƙare nan ba, in ka riƙe naka zai aje nasu gefe da suna mai ƙarewa da .dpkg-dist, in ka karɓi nasu ya adana tsohon naka a .dpkg-old, ba abin da ya ɓace. Sauran nau'o'in Linux ma haka, masu Fedora suna da .rpmnew da .rpmsave, masu Arch suna da .pacnew. Ga wani can yana murmushi, na san ɗan Arch ne, ba su iya ɓoyewa (dariya). Abin da ke burge ni shi ne ba ya yawan tambaya. Shirin da ke tambayarka abu talatin ya koya maka danna eh ido rufe ne kawai. Wanga kuwa sai inda aikin mutum biyu ya ci karo.

Ku tuna masu shagon buga takardu nan cikin gari, mutum ya ɓata yini ya saita firinta, ya saita kibod mai ƙ da ɗ da ɓ don aikin Hausa, ga layin masu firojet, in wani shiri ya mayar da komi baya wa zai biya shi wunin nan?

Na huɗu... a'a na uku ko? To na uku. Masu kyakkyawar niyya. Ga misalai daga kayan aikin masu rubuta manhaja: Conda na rubuta layuka cikin fayil ɗin saitinka na .bashrc amma yana sa alama farko da ƙarshe don ka gane nashi, rustup na gyara PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman shirye-shirye, amma yana sanar da kai kuma akwai --no-modify-path in ba ka so, Homebrew kuwa sai ya rubuto maka umurnin ya ce kai ka sa da hannunka. In kun fara rubuta naku, ku tambaya, ku aje kwafin tsoho, in an cire manhajarku ta kwashe abin da ta zuba.

Akwai hannu can. Na'am ɗana?

(Ɗalibi ya tambaya: Malam, in tsohon saitin na da ɓaraka ta tsaro fa, kuma mai shi bai sani ba?)

Tambaya mai kyau, kuma nan ina sassautawa. A 2019 an gano Zoom na barin wata ƙaramar saba, wato shirin da ke jiran umurni daga waje, a ɓoye cikin Mac ko bayan ka goge shi, wadda za a iya bi ta kanta a jefa ka cikin kiran bidiyo. Apple suka tura gyara shiru suka cire ta, ba su tambayi kowa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma dibi abin da suka cire, abin da wani kamfani ya dasa ne, ba wanda mai kwamfuta ya zauna ya saita da hannunshi ba. In kai ka saita kuma yana da haɗari, a fito da gargaɗi babba, in ta kama ma manhajar ta ƙi tashi sai ka gyara, ta nuna maka layin. Ka same ni bayan salla da kwamfutarka in nuna maka a fayil ɗin SSH, wato shirin shiga wata kwamfuta daga nesa, an fara kiran salla.