Sharhi: Kasuwar Illela da Hanyar da ke Ciyar da Ita

Jama'a masu saurare, in mutum ya bar birnin Sakkwato ya yi arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar kilomita kusan 85 zai sauka Illela, garin ƙarshe kafin Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 ne suka bar Ƙonni a hannun Faransa, Illela a hannun Ingila. Sai dai iyakar ba ta raba zumunta ba. Gobirawa da Adarawa na auratayya tsallake da tsallake har yau.

Ranar Lahadi kasuwa ke ci. Fulani da Buzaye su koro shanu da raƙuma da raguna uda da balami. Daga Nijar ake shigo da wake da aya da dabino da kanwa, a koma da gero da masara da atamfa da robobi. Yarabawa na sayen dabbobi zuwa kudu, 'yan kabilar Ibo na riƙe da shagunan kayan gyaran mota da na babur, Zabarmawa na nasu fataucin.

Me ya haɗa mutanen nan, alhali harshensu ba ɗaya ba? Mai masauki da dillali. Baƙon da ya zo da shanu, mai masaukinsa ne ke ba shi wurin kwana, ya kai shi kara, ya tsaya masa. Dillali zai buɗe bakin bijimi ya duba haƙora don sanin shekaru, ya taɓa tozo da gindin wutsiya ya auna ƙiba, ya sa a kora shi ya ga ko yana ɗingishi. In an yi "albarka" har aka kai ga "sallama", sai a biya la'ada a karɓi takarda. A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami: duk wanda ya sayi dabba a bayan kasuwa don araha, ba shaida ba takarda, ranar da aka ce ta sata ce, ba shi da mai tsaya masa. A zamanin nan na ɓarayin shanu, wannan ba abin sakaci ba ne.

Lissafin kuɗi ma sai an natsu. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga sefa, dala ɗaya faran biyar, jaka kuwa faran dubu. Mai hankali kan tsayar da farashin canji da ɗan canji tun kafin a fara ciniki.

Ran garin yana ga hanya. An rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe cikin buhu, 'yan dako da masu tuwo suka rasa na cefane, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024.

Yanzu ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta daga Illela a Oktoban 2024. Kiranmu ga hukumomi shi ne a tanadi tashar manyan motoci, da mashayar dabbobi, da dakalin lodi, da likitan dabbobi a kara duk ranar kasuwa, a kuma rage shingayen da ke tsayar da tirelar shanu cikin rana har wasu su faɗi a tattake su kafin a kai Legas.