Me Yaro Yake Ji A Bakinmu Game Da Shugabanni Da Sojoji?

(Laccar da aka gabatar a walimar saukar Alƙur'ani ta wata makarantar Islamiyya a Kaduna. An rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Na baya kuna ji na? A ɗan ɗaga lasifikar nan, iyaye mata sun ce ba ta kai musu. Yauwa, madalla.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, sallallahu alaihi wa sallam, ina taya yaran nan murna, su da iyayensu da malamansu. Shugaban makaranta ya ba ni minti talatin, ya ce in yi magana kan koya wa yara yi wa shugabanni da sojoji addu'a. Da ya faɗa mini a waya sai da na yi shiru, na ce Malam, duk garin nan ka rasa wanda za ka tura ramin kura sai ni? (dariya) Don yanzu in ka ce a yi wa shugaba addu'a, kafin ka ajiye lasifika an ce an ba ka ambulan. To ga aljihuna nan, biro ne da hankici. Abubuwa huɗu zan faɗa in zauna.

Na farko, abin da yaro yake ji a gida. Ina da jika, shekararta 6. Wata rana muna cin tuwon dare aka ɗauke wuta. Kafin kowa ya buɗe baki sai na ji wata 'yar siririyar murya cikin duhu ta ce, "Allah ya isa! Allah ya tsine wa gwamnati!" Duk ɗakin aka fashe da dariya, har da ni. Da na kwanta sai dariyar ta koma mini ciki. Yarinyar nan ba ta san mene ne gwamnati ba. Ka tambaye ta, wataƙila ta ce wani mutum ne mai babbar riga. Amma ta haddace tsinuwar tsaf, da ƙaulinta da ba'adinta, tun ba ta haddace Li'ilafi ba. Wa ya koya mata? Ba a Islamiyya ta koya ba. Mu ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kuma ban ce babu dalilin fushi ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an janye tallafin mai, kowa a nan ya san yadda kuɗin cefane ya koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ku saurari hadisin Aufu bin Malik da Muslim ya ruwaito. Annabi ya ce mafi alherin shugabanninku su ne waɗanda kuke son su suke son ku, kuna yi musu addu'a suna yi muku. Mafi sharrinsu kuma waɗanda kuke ƙin su suke ƙin ku, kuna tsine musu suna tsine muku. Ku dubi inda muke. Mu tsine, su tsine. To in mun riga mun faɗa wannan rijiya, dole ne mu jawo jikokinmu ciki?

Ga inda nake so in daɗe, don nan ne mutane suke ruɗewa. Addu'a daban, banbaɗanci daban. Na sake faɗa: addu'a daban, banbaɗanci daban. Maroƙi yana cewa kai ne giwa, kai ne toron giwa, babu kamarka gaba da baya, don a miƙo masa. Mai addu'a kuwa ba da shugaba yake magana ba ma, da Ubangijin shugaban yake magana. Cewa yake ya Allah, wannan bawa naka ka ɗora shi a kanmu, ka shiryar da shi, ka sa masa tausayinmu, ka hana shi zaluntar mu. Ashe ko wanda ba ka zaɓa ba, ko wanda ka tsaya a rana ka kaɗa ƙuri'a don ya faɗi, addu'ar nan kai take wa amfani.

Fudailu bin Iyad, ɗaya daga cikin manyan masu gudun duniya na magabata, mutumin da ba ya zuwa ƙofar masu mulki neman komai, an ruwaito ya ce da yana da addu'a guda ɗaya karɓaɓɓiya, da shugaba zai yi wa. Aka ce masa don me? Ya ce in na yi wa kaina, ni kaɗai ta amfana. In na yi wa shugaba ya gyaru, bayi da garuruwa sun gyaru. Ku lura fa, addu'a ɗaya tak! Ni da aka ba ni, wallahi sai na yi tunanin kuɗin haya tukuna. (dariya)

To me za a roƙa masa? Ba "Allah ya ƙara girma, Allah ya maimaita" ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Maganar tana da gyara, akwai mugun sarki, Fir'auna ma sarki ne. Amma akwai gaskiya a ciki. Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Abu Dawud, cewa idan Allah ya nufi shugaba da alheri sai ya ba shi waziri na gaskiya, in ya manta ya tuna masa, in ya tuna ya taimake shi. In kuwa aka nufe shi da akasin haka sai a haɗa shi da mugun waziri, in ya manta ba zai tuna masa ba, in ya tuna ba zai taimake shi ba. Wannan ita ce addu'ar da nake so yaro ya iya: Allah ka ba shugabanninmu mashawarta nagari. Ko gwamna ne, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko kansila, ko mai unguwa. Ai shi mai unguwa ma an fi ganin sa.

Wani zai ce to Malam, in ya ƙi shiryuwa fa? Annabi da kansa ya yi addu'ar da ta rufe wannan ƙofa, ita ma A'isha ce ta ruwaito, tana cikin Muslim: ya Allah, duk wanda ya jiɓinci wani abu na al'ummata ya tsananta musu, ka tsananta masa, wanda kuma ya sassauta musu, ka sassauta masa. Kun gani? Babu zagi, babu ambaton uwar kowa, amma wane shugaba ne zai ji wannan ya yi barci? Wannan ta fi "Allah ya tsine" kaifi sau dubu. Yaron da ya tashi da ita ya san shugabanci amana ce da za a yi hisabi a kanta. Yaron da ya tashi da tsinuwa abin da ya koya shi ne kujera wurin ci ce, kowa ɓarawo ne. Ranar da ya hau, in ya hau, me kuke zato zai yi? Ga su nan zaune da alluna, a cikinsu akwai kansila, akwai kwamishina, wa ya sani ko akwai gwamna. Kai mai farar hula, daina dariya, da kai nake.

Kuma addu'a ba ta hana faɗin gaskiya. Annabi Musa da Haruna an aike su wurin Fir'auna aka ce su faɗa masa magana mai taushi, yana cikin Suratu Ɗaha. Taushi aka ce, ba a ce su yi shiru ba.

Na uku... ko na biyu ne? Na biyu ne? To ku riƙe lissafin, ni na saki. Sojoji.

Yaranmu sojan da suka sani shi ne na shingen hanya, mai cewa a sauka a tura babur. Ba su san na Malam Fatori ba. Malam Fatori can ne a ƙarshen Borno, bakin iyaka da Nijar, wajen Tafkin Chadi. A can aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a watan Nuwamban 2016, kwamandan tankokin yaƙi da ya yi fice wajen ƙwato Baga daga hannun Boko Haram a 2015. Ɗan sarauta ne daga jihar Kogi, yana da mata da 'ya'ya ƙanana kamar waɗannan. A Metele, ita ma a Borno, Nuwamban 2018, an kashe sojoji da yawa a hari ɗaya. A nan Kaduna, ranar 21 ga Mayun 2021, jirgi ya faɗi da babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, shi da waɗanda suke tare da shi, ko wata huɗu bai cika a kujerar ba. Waɗannan su ne masu suna. Kurtun da ya fito daga Defot na Zariya aka tura shi daji, in ya faɗi, uwarsa kaɗai ce take kiran sunansa.

Ɗan ƙanena yana cikinsu. In ya samu sabis ya kira gida, ba ya cewa a turo kuɗi. Abu ɗaya yake cewa: Baba, a sa mu a addu'a. Kullum haka. Kuma abin sha'awa, sunayen rundunonin nan da Hausa aka sa su: Lafiya Dole, daga baya aka mayar da ita Haɗin Kai, ga Hadarin Daji da aka yi a wajen Zamfara. Yaro yana jin sunan a rediyo, sai ka yi masa bayani, shi ke nan darasi ya samu.

Ibnu Abbas ya ruwaito, Tirmizi ya fitar: ido biyu wuta ba za ta taɓa su ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Annabi Ibrahim da ya yi wa Makka addu'a, aminci ya fara roƙo kafin 'ya'yan itatuwa. Mun ga dalili da idonmu. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa a Birnin Gwari ko Batsari bai buƙatar tafsiri. Yaran nan ma sun ji labarin Ƙanƙara, sun ji na Kuriga, 'yan makaranta ne irinsu aka kwasa.

Ranar 15 ga Janairu kowace shekara ake tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, saboda a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Mu nan Arewa ranar tana da wani ciwo daban, don a ita ce aka kashe Sardauna a 1966, a garin nan. Wannan lacca ce mai zaman kanta, kada in shiga, shugaban makaranta yana ta duban agogo.

Saura da gudu. Me ya sa yara? Bukhari ya kawo cewa Annabi ya ce wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ai ba a taimakon ku, ba a azurta ku, sai saboda raunananku. Ta yaya za a koya wa yaro? Bayan magariba, jimla biyu, da Hausa, kada a ce sai ya haddace Larabci. Ya ambaci wanda ya sani: kawu wane da ke bakin daga, maƙwabcinmu ɗan sanda, 'yan sa-kai. Maƙwabtanmu Kirista ma a coci suna yi wa masu mulki addu'a, littafinsu ya umarce su, kada su riga mu. Na huɗun na manta shi, in na tuna na aiko muku.

(An miƙo takarda daga ɓangaren mata.)

Wata baiwar Allah ce ta rubuto. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, danginmu suna Tudun Biri. Ɗana ya san abin da ya faru. Ta yaya zan ce masa ya yi wa soja addu'a?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda kika rasa, ya ba ku haƙuri. Ga wanda bai sani ba, ko da yake a Kaduna babu wanda bai sani ba, daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi. Fiye da mutum 80 suka rasu, da yawansu mata da yara. Rundunar ta amsa cewa ita ce, ta ce kuskure ne, babban hafsanta na lokacin, Janar Lagbaja, ya je har can ya ba da haƙuri.

Hajiya, ba zan ce ki tilasta masa ba. Kada ki tilasta masa. Kada kuma ki ce masa ba komai, don da komai. Yaro ya fi mu gane ƙarya. Ki bar shi ya fara da nasa: Allah ka jiƙan su Inna, Allah ka bi mana haƙƙinmu. Wannan halas ne, addu'ar wanda aka zalunta babu shamaki tsakaninta da Allah, haka Annabi ya gaya wa Mu'azu da zai aike shi Yaman. Neman diyya da neman a hukunta mai sakaci, duk haƙƙinku ne, addu'a ba ta soke su ba.

In zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, ko bayan shekara ne, ga wadda zan ba shi, kuma ina so duk yaran nan su riƙe ta: Allah ka tsare sojojinmu daga maƙiya, ka tsare hannunsu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Ina jin wannan zai iya faɗa, don kan wasu yara take karewa. In ya ce ba zai iya ba tukuna, ki ƙyale shi, ke ki yi a madadinsa.

Ki aiko shi wurina bayan an tashi, in kin yarda, mu gaisa. Malam, ga lasifikarka, na ci maka minti goma. A kira masu sauka, abinci yana hucewa.