ICAN, ANAN ko CITN: Wace Takarda Ce Ta Dace da Kai?

Mai kallo, idan ka kammala digiri ko babbar difloma a fannin akanta a Najeriya, tambayar da za ta fara tsare ka ita ce wace ƙungiyar ƙwararru za ka shiga, kuma amsar tana rataye ne a kan irin aikin da kake son ka riƙa yi kullum.

ICAN, wato Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Najeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, ita ce hanyar da manyan kamfanonin binciken asusu da bankuna suka fi sabawa da ita. Jarrabawarta hawa uku ce, kuma ba a ƙetare ta da wasa, domin akwai waɗanda suke maimaita darasi guda sau da dama alhali suna aiki da rana suna karatu da dare. ANAN kuwa, wato Ƙungiyar Akantocin Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993, tana bi da ɗalibanta ne ta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, kuma mambobinta suna da yawa a ma'aikatun gwamnati. Akwai kuma ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Ingila, wadda take da amfani ga mai niyyar aiki a ƙasashen waje, sai dai ana biyan kuɗinta da fam, abin da ya yi nauyi ƙwarai tun faɗuwar darajar naira a 2023.

CITN, wato Cibiyar Masana Haraji ta Najeriya, wadda doka ta amince da ita a 1992, aikinta haraji ne zalla. Bambancin yana fitowa fili idan ka dubi wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da hukumar tara haraji ta aiko masa da takardar bashi. Akanta shi ne zai zauna da rasitai da bayanan banki ya fitar da ainihin ribar shekara, shi kuwa masanin haraji zai duba doka ya tantance abin da ya halatta a cire kafin a yanka haraji, ya rubuta takardar ƙin amincewa cikin wa'adin da aka ɗiba. Bukatar irin wannan masani ta ƙaru bayan da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025.

A ganina, matashin da bai tsai da shawara ba gara ya fara da akanta, saboda lissafin haraji daga littattafan asusu yake tasowa, kuma wanda bai iya karanta su ba zai daɗe yana dogara da wani. Amma ma'aikacin hukumar haraji ta jiha, ko lauyan da shari'un haraji suka fara yi masa yawa, ba ya bukatar wannan dogon zagaye, domin CITN ce ta fi kusa da aikin da ke gabansa.