Launin fata da lafiyar yara

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Sakkwato, Birnin Shehu. Ina tare da Hajiya da ƙanwarmu Malama. Yau batun wariyar launin fata za mu taɓa, da abin da take yi wa lafiyar yaro.

Hajiya: Malam, ai wannan ciwon Amurka ne. Mu nan duk baƙaƙe ne, wa zai ware wa?

Malama: To mu fara da can ɗin, Hajiya. A 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito fili ta ce wariya na cikin abubuwan da ke cutar da lafiyar yaro. A ƙasar, jariran baƙaƙe da ke rasuwa kafin su cika shekara sun ninka na fararen fata sau biyu, in aka auna da yawan haihuwa.

Hajiya: Ba gado ba ne?

Malama: An bincika wannan a jihar Ilinoi, aka wallafa a 1997. Matan da aka haifa a Afirka suka koma can, nauyin jariransu ya yi kusa da na Turawa. Baƙaƙen da aka haifa a Amurka suka tashi a cikinta, su ne jariransu ke zuwa da ƙarancin nauyi. Da a jini abin yake, ai da bai bar 'yan Afirka ba.

Malam: Akwai kuma binciken da aka yi a jihar Kalifoniya. Cikin wata shida bayan harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka tsangwami Larabawa da Musulmi, haihuwar jarirai marasa nauyi ta ƙaru ga mata masu sunan Larabawa. Sauran mata ba a ga haka gare su ba.

Hajiya: Subhanallahi! Ɗan da ke ciki, ina ya san ana zagin uwarsa?

Malama: Jikinta ya sani. In mutum na cikin fargaba, jiki na sakin wani sinadari, kotisol. Na ɗan lokaci ba laifi. Amma in kullum ne, barci ya lalace, jini ya hau, yaro ya zauna a aji hankalinsa na kan wanda zai tsokane shi a fita tara.

Hajiya: To wallahi in haka ne, muna da namu a gida. Ranar suna za ka ji mata na duba kunnen jaririya, wai a ga ko za ta yi fari. 'Ya'ya biyu ciki ɗaya, ana kiran wannan "Fara" da fara'a, waccan "baƙa mummuna" in ta yi laifi. Yarinya na jin wannan tun tana goye.

Malama: Daga nan sai man bilicin. Har yara ake shafa wa, ga fatarsu ba ƙwari. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana lamarin bilicin a matsayin na gaggawa a 2023.

Malam: Kada mu manta da zabiya. Ga ranar Sakkwato mai ƙona fata, ga raunin gani, ga tsokanar yara har wani ya ƙi makaranta. Malamin aji ya zaunar da shi gaba kusa da allo, iyaye su nema masa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu.

Hajiya: In ɗana ya dawo yana kuka an ce masa baƙi fa?

Malama: Kada a ce masa "share kawai". A zauna a ji ta bakinsa, a gaya masa wanda ya faɗa ne ya yi laifi, gobe da safe a raka shi wurin malaminsu.