Kurkum, masoro da ƙashin iyayenmu mata

Assalamu alaikum. Abu uku na zo da su, to bismillah.

Na farko, ƙashi rayayye ne. Kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kamar katangar ƙasa da ake yi wa yaɓe bayan damina. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin estrojin ya ragu, sai masu rushewa su fi magina sauri. Shi ya sa za ka ji Hajiya ta ɗan zame a banɗaki, ƙugu ya karye.

To ina kurkum ya shigo? Gangamau ɗin nan da kuke zubawa a shinkafa, akwai sinadari a cikinsa, kurkumin, mai rage kumburi, kuma yana taka wa masu rushewar nan birki. A 2010, a Jami'ar Arizona ta Amurka, an cire wa matan ɓeraye ƙwan haihuwa, aka ba su shi, zaizayar ƙashinsu ta ragu. Ɓeraye fa na ce, ɓeraye! Kada a je gida a ce na ce an gama bincike a kan mutum.

Amma ku tsaya ku ji zancen masoro, wallahi nan ne ya fi burge ni. Kurkumin bai wuce kashi 5 cikin 100 na garin ba, kuma ɗan abin da ya shiga, hanta na saurin kawar da shi. A 1998 a Bangalo ta Indiya aka ba mutane giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na sinadarin masoro, abin da ya isa jini ya ninka sau 20. Sau 20! Masoron yajin mai jego, jama'a! Ga shi kuma kurkumin a mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗaukarsa sosai, don haka a miya ya dace da shi. A miya, da ɗan mai, da masoro.

Na biyu, ko na uku ne? Abin da ke ƙarfafa ƙashi: nono, kuka, zogale, ƙananan kifi da ƙashinsu, a fito a sha hantsi, a taka ƙafa.

Na'am, Malam, daga baya can? Mahaifiyarka na shan maganin tsinka jini? To kurkum na miya ba laifi, amma kada ka sayo mata na ƙwaya sai likitanta ya yarda, don yana iya ƙara zubar jini. Haka mai tsakuwar matsarmama. Ta taɓa karaya? To ka fara kai ta a auna ƙarfin ƙashinta. Ka same ni bayan an tashi.