Rancen Universal Credit a Birtaniya: in ka karɓa sau ɗaya, za a sake ba ka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Bayanin yau na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya ne, musamman masu karɓar tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit. Tambayar ita ce: mutum ya karɓi rance a kan tallafinsa, bai gama biya ba, ga wata larura ta taso, ga basussuka sun yi masa katutu. Zai iya komawa ya sake nema?

Kafin mu shiga, akwai gargaɗi. Wannan tallafi ba na kowa ba ne. Mafi yawan waɗanda suka shiga ƙasar da bizar karatu, ko bizar aiki, har da ta kula da tsofaffi da marasa lafiya, an gindaya musu sharaɗin cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin tallafin gwamnati. In kana cikinsu, neman wannan kuɗi zai iya taɓa takardun zamanka. Maganar tamu ta fi shafar wanda ya zama ɗan ƙasa, ko mai izinin zama na dindindin, ko wanda aka ba shi mafaka.

To, daga ina rancen ya samo asali? Dokar da ta kafa Universal Credit ta 2012 ce, aka fara aiki da ita a 2013, ta haɗe tallafi iri shida ya koma guda ɗaya, ana biya sau ɗaya a wata. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wadda kowa ke kira DWP, ita ke kula da shi. Matsalar tana nan tun ranar farko: in ka cike takardar nema yau, kuɗin farko ba zai shigo asusunka ba sai bayan kusan mako biyar. Wata guda na lissafi, sannan kwana bakwai na biya. Mai gida kuma ba zai jira mako biyar ba, cikin yara ma haka. Shi ya sa aka buɗe ƙofar rance. Za a iya ba ka har kwatankwacin kuɗin watanka na farko gaba ɗaya, ka biya cikin wata 24, ana cirewa daga tallafin tun kafin ya iso hannunka. Ka ga ke nan mutane da yawa da bashi suke shiga tsarin.

Wannan na sabon shiga ne. Wanda mutane ke komawa nema, shi ne mai suna Budgeting Advance, kuma ku riƙe sunan, don da shi za ku nema. An yi shi ne domin larurar da ta faɗo ba zato: na'urar girki ta mutu, firji ya tsaya, an samu aiki ana buƙatar kayan sawa da kuɗin mota, ko hidimar jana'iza. Mafi ƙarancinsa fam 100. Mafi yawansa fam 348 ga mutum ɗaya, fam 464 ga miji da mata, fam 812 ga mai 'ya'ya. Babu ruwa a kansa ko kwabo, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Ga wanda yake gudun riba saboda addini, wannan abin lura ne, kuma ta nan ya fi katin bashi na banki nesa ba kusa ba.

Sharuɗɗansa kuwa, sai ka kai wata shida kana karɓar tallafi, sai dai in kuɗin na kama aiki ne ko na riƙe aikin da kake yi. Abin da ka samu ta hanyar aiki a wata shidan da suka wuce kada ya kai fam 2,600, ko fam 3,600 in ku biyu ne. In kana da ajiya sama da fam 1,000, za a rage abin da za a ba ka. Sai sharaɗin da ya amsa tambayarmu: dole ka gama biyan Budgeting Advance na baya kakaf kafin a ba ka wani. Ko saura kaɗan ne ya rage, ƙofar a rufe take. Kuma ko ka cika komai, jami'in zai duba ko za ka iya biya. In ya ga an riga an yi wa tallafinka yanka da yawa, yana iya cewa a'a, ko ya ba ka ƙasa da abin da ka nema. Ba a ɗaukaka ƙara zuwa kotu a kan wannan, iyakarta ka roƙi a sake duba maganar.

Akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. A da wata 12 ake ba mutum ya biya wannan rance. Daga Disambar 2024 aka mayar da shi har wata 24. Sauƙi ne, babu shakka, domin mai 'ya'yan da ya karɓi fam 812 zai riƙa biyan kusan fam 34 a wata maimakon kusan 68. Amma ku duba ɗaya gefen. Tunda ba a ba da sabo sai an gama tsoho, wanda ya zaɓi wata 24 ya rufe wa kansa ƙofar har shekara biyu. Injin wanki ya lalace a wata na takwas, babu inda za a juya. Saboda haka kafin ka amince da tsawon lokacin, ka zauna ka auna: ƙaramin yanka na dogon lokaci, ko babban yanka da zai ƙare da wuri.

Bari mu ɗora lissafin a kan mutum ɗaya, misali kawai. A ɗauka mace ce mai shekara 30, ita kaɗai. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, ainihin tallafinta na wata, ban da kuɗin haya, fam 400 ne da fenni 14. Da ta shiga tsarin ta karɓi rancen fam 720, ana cire fam 30 duk wata. Bayan wata bakwai na'urar girkinta ta mutu, ta karɓi fam 348, aka ƙara yankan fam 14 da rabi. Can kuma DWP ta ce an taɓa biyan ta fiye da ƙima a baya, za a karɓe. Idan ta buɗe shafinta na intanet ta duba takardar biyan watan, za ta ga layi uku a jere, kowanne da alamar ragi a gabansa, a ƙasa kuma abin da ya rage wajen fam 340 ne kawai. Da wannan za ta sayi abinci, ta biya wuta da gas, ta sa kati a waya, ta hau bas. Ga saƙon murya daga gida, ana maganar kuɗin makarantar ƙani. Zuwa 20 ga wata aljihu ya bushe, sai tunanin wani rancen ya dawo.

Irin manomin da ya ci bashi a kan gero tun yana tsaye a gona ke nan. Ranar girbi ta zo, dami ya ragu, yunwar baɗi kuma ta fi ta bana saurin zuwa. Rancen nan ba ƙari ba ne, kuɗinka ne na watannin gaba aka jawo maka. In firji ne ya lalace sau ɗaya, ya yi amfaninsa. Amma in abinci ne ke yankewa kowane wata, a ganina wani rancen ba zai toshe wannan ramin ba, faɗaɗa shi zai yi.

To mene ne abin yi? A fara da yankan kansa. Doka ta sa iyaka ga abin da za a cire. A da kashi 40 cikin ɗari ne na ainihin tallafin, ya sauko 30 a 2019, ya koma 25 a 2021, daga ƙarshen Afrilun 2025 kuma ya zama kashi 15. Ga matar da muka yi misali da ita, wajen fam 60 ke nan. Akwai 'yan abubuwan da ke iya tsallake wannan iyaka, kamar bashin haya in ana shirin korar mutum daga gida. In ka ga yankan ya fi ƙarfinka, ka rubuta a shafin saƙonninka na Universal Credit, ko ka faɗa wa jami'in da ke kula da kai a Jobcentre, wato ofishin neman aiki na gwamnati. Ana iya ɗage biyan rancen sabon shiga har wata uku, na Budgeting Advance har wata shida, in an ga halin ya tsananta. In kuma bashin rarar biya ne, sashen karɓar bashi na DWP ake kira a nemi ragi. Ka je da lissafinka a rubuce, abin da ke shigowa da abin da ke fita. "Ina cikin matsi" kawai ba ta cika motsa jami'i ba, lambobi ne ke motsa shi.

Sannan a nemi kuɗin da ba a mayarwa kafin wanda ake mayarwa. Ƙananan hukumomi a Ingila suna da asusun agajin gaggawa, Sikotilan da Wales kowacce na da nata. Akwai kuma rumbunan abinci na sadaka, waɗanda galibi sai an ba ka takardar turawa daga wuri irin su Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara. Na san da yawa cikinmu kunya ke hana su zuwa, kada a gan su a layi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda zai gan ka a layin shi ma abin da ya kawo shi ke nan.

Game da sauran basussukan, kuskuren da aka fi yi shi ne biyan wanda ya fi damun mutum da kira. Kamfanin katin bashi zai yi ta bugo waya yana aiko wasiƙa, amma bashin haya ne zai raba ka da gida, harajin ƙaramar hukuma ne zai kawo masu kwasar kaya ƙofarka, sai wuta da gas da tarar kotu. Su ne a gaba. StepChange da National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, don haka duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya tsara maka bashinka, ka yi hattara. A Ingila da Wales, ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara ake shiga shirin Breathing Space, wanda aka fara a Mayun 2021: kwana 60 da za a dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi a kan mafi yawan basussuka. Wanda kuma bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, ba shi da wata kadara, abin da ke rage masa a wata bai wuce fam 75 ba, yana iya dacewa da Debt Relief Order, inda bayan shekara guda ake yafe basussukan da aka sa a ciki. Fam 90 da ake biya a da don nemansa an soke shi tun Afrilun 2024. Yana ɓata sunan mutum a wurin bankuna har shekara shida, shi ya sa sai an zauna da masani kafin a sa hannu.

Sai maganar masu ba da rance a cikin unguwa, waɗanda ba su da lasisi, suna riƙe katin bankin mutum ko fasfonsa a matsayin jingina, wani lokaci ma ɗan uwa ne ya haɗa ku. Abin da suke yi laifi ne a dokar Birtaniya, kuma mai ba da rancen ne ya yi laifin, ba wanda ya karɓa ba. A Ingila akwai rundunar da ake kira Stop Loan Sharks, ana kai musu rahoto ba tare da an faɗi suna ba.

Waɗannan adadi suna canzawa, galibi a watan Afrilu, don haka a duba shafin gwamnati na GOV.UK kafin a nema. Mu kwana nan, sai a bidiyo na gaba.