An Bugi Motarka Ta Baya: Kamfanin Wa Zai Biya, Kuma Yaushe Za A Kai Ta Gareji?

[Hoto: cunkoso a shataletalen Mai Ruwa da ke Sakkwato da la'asar. Mota ta taka birki, ta bayanta ta dungure ta.]

Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2025, da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tsananta binciken takardar inshora a kan hanya, masu motoci da yawa a Sakkwato suka biya naira 15,000 suka karɓi takardar. Daga nan ne wata tambaya ta yi ta yawo a tashoshin mota da wayoyin jama'a: mutum yana da inshora, an bugi motarsa ta baya, ya gyara da kuɗinsa, ya kai rasit kamfaninsa, aka ce ba za a biya shi ba. Shin cuta ce? Sau da yawa ba cuta ba ce. Matsalar ita ce ya je kamfanin da ba shi ne zai biya ba, kuma ya je bayan an riga an gyara motar.

[Hoto: direbobin biyu sun fito, mutane sun fara taruwa.]

Abubuwan da ake yi a wurin sanannu ne, don haka ba za mu daɗe a kansu ba. A duba lafiyar kowa tukuna, idan akwai rauni a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. A ɗauki hotunan motocin biyu kafin a gusar da su, yadda lambobinsu da wurin da suka haɗu za su fito sosai, sannan a janye su gefe domin 'yan kabu-kabu da sauran masu wucewa su samu hanya. A karɓi sunan direban, da lambar wayarsa, da hoton lasisinsa da na takardar inshorarsa.

[Hoto: yatsa na danna lambobi a waya.]

Kafin ku rabu, a danna *565*11# a saka lambar motarsa. Wannan rumbun bayanai ne na Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya, kuma shi zai nuna ko takardar ta gaskiya ce ko ta 'yan bakin ofis ce. Idan ta bogi ce, babu kamfanin da za a tunkara, sai dai aljihun direban.

[Hoto: takardar inshora ta cika fuskar allo.]

Yanzu ga inda ake ruɗewa, kuma ina roƙon masu kallo su ba ni hankalinsu nan.

Takardar naira 15,000 ita ce inshorar mutum na uku, wadda doka ta wajabta. Kai ne mutum na farko, kamfaninka na biyu, wanda ka yi wa ɓarna shi ne na uku. Aikinta shi ne biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta gyara motarka ko da fitila ɗaya. Tun 1 ga Janairu, 2023, lokacin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin daga naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3 ga motar gida. Saboda haka idan kai aka buga, kamfanin da za ka nema shi ne na wanda ya buge ka. Idan kuwa kai ka buga, kamfaninka zai gyara motar da ke gabanka, amma lagireto da bonet da fitilun gaba naka, kai za ka ji da su. Wanda yake son a gyara tasa motar ko da laifinsa ne, sai ya yanki cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Mai irin wannan yana iya zuwa kamfaninsa kai tsaye, su gyara masa, daga baya su bi kamfanin ɗayan su karɓi kuɗinsu.

[Hoto: gareji, mai gyaran jikin mota ya ɗaga guduma. A tsayar da hoton cak.]

Kuskure na biyu, wato gaggawar gyara, ya fi na farko jawo asara. Kada a bari guduma ta taɓa motar, kada a cire bamba, kada a shafa fenti, sai an sanar da kamfanin da zai biya, jami'insu mai kimanta ɓarna ya ga motar, an kuma amince da kuɗin gyara a rubuce. Kamfanin inshora da gani ya kori ji yake aiki. Idan ka kai masa mota sumul da rasit a hannu, ba shi da hanyar tabbatar da cewa wannan karon ne ya lotsa but ɗin, ko kuwa tsohon rauni ne aka haɗa a lissafi, kuma ba zai iya auna ko kuɗin da bakanike ya rubuta ya dace da aikin ba. Abin da za ka nema a gareji a ranar farko takardar kiyasin kuɗin gyara ce kawai.

Sanarwar ma kada a jinkirta ta. Kowace yarjejeniyar inshora tana da wa'adin kai rahoto a rubuce a cikinta, kuma wanda ya bari ya wuce ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Shawarata ita ce a kira su a ranar, a kuma bi kiran da saƙo a rubuce domin shaida.

[Hoto: wani dattijo ya shiga tsakani, direbobin suna musabaha.]

Na san abin da ke zuciyar mai kallo. A garinmu, da zarar an yi irin wannan karo, wani babba zai matso ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, tsautsayi ne," wanda ya yi bugun ya ce, "Ranka ya daɗe, mu je gareji in gyara," shi ke nan an rabu lafiya. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma ba na son ta gushe. Idan ƙujewar fenti ce kawai, sulhu ya fi sauƙi ga kowa. Amma bambar motocin zamani roba ce, takan lotsa ta dawo daidai alhali ƙarfen da ke bayanta ya lanƙwashe, makullin but ya goce, ko salansa ta motsa. Aikin da aka yi wa kuɗi kaɗan a bakin titi yakan ninka idan an kwance bamba, kuma a lokacin wanda ya yi alkawari ya fara ƙin ɗaukar waya. Haka ciwon wuya, sau da yawa sai an kwana ɗaya ko biyu yake bayyana. Shi ma wanda ya yi bugun ya sani cewa yawancin yarjejeniyoyi sun hana shi amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da yardar kamfaninsa ba. Ba da haƙuri da tambayar lafiya ba su saɓa wa wannan ba, alkawarin kuɗi ne ya kamata a dakata da shi.

[Hoto: zane mai nuna tazara tsakanin motoci biyu.]

Game da laifi, galibi yana kan na baya, domin shi ke da alhakin barin tazarar da za ta ishe shi tsayawa. Akan samu saɓanin haka idan na gaba ne ya yi ribas, ko fitilun birkinsa ba sa aiki, kuma a nan ne rahoton 'yan sanda na sashen kula da zirga-zirgar motoci yake da amfani. Kamfanoni da yawa suna neman wannan rahoto kafin su biya mutum na uku.

[Hoto: takardu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kan tebur.]

Sauran aikin na takarda ne: fom ɗin neman diyya, lasisin tuƙi, takardun mota, takardar inshora, hotuna, kiyasin gyara, bayanin yadda abin ya faru, da wasiƙar neman diyya daga wanda aka buga. Masu takaful, wato inshorar da ta dace da tsarin Musulunci, su ma wannan hanya suke bi. Mai cikakkiyar inshora ya sa ran za a cire wani kaso da yarjejeniya ta ce shi zai ɗauka.

Daga ƙarshe kamfani zai kawo takardar sallama mai ɗauke da adadin da zai biya. A karanta ta da kyau, domin sa hannu a kanta yana nufin an rufe maganar, ko da wata ɓarna ta ɓullo daga baya. Idan adadin bai kai ba, ko aka yi ta jan ƙafa bayan takardu sun cika, a rubuta ƙorafi ga kamfanin, in bai saurara ba a kai shi sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, tare da kwafin kowace takarda da kowane saƙo da aka yi musaya.